Yadda Ake Samun Famit ɗin Gini a Kumasi, Tun Daga Duba Fili Har Shigar 'Yan Haya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman 'yan'uwanmu da ke nema a Jamus da Italiya da Amurka, da 'yan kasuwar gida masu son zuba ribarsu a gidan haya ko jerin shaguna: ga fili a Kumasi, ta ina ake farawa har a sami izinin gini, wanda duk muke kira famit? Wasu ma ba sa tambaya sai ma'aikatan asambili, wato ƙaramar hukumar yankin, sun zo da jan fenti sun rubuta musu "Stop work, produce permit" a jikin katanga, birkiloli sun ajiye cebur, siminti yana neman daskarewa a buhu.

Amsata ba ta canzawa: neman famit yana farawa tun kuɗin filin suna aljihunka. Yawancin fayil ɗin da ke shekara a ofis, matsalar filin ce ko ta takardarsa ta riƙe su. Kuskuren zane kuwa gyaransa na 'yan kwanaki ne. Don haka zan daɗe a matakan farko, in bi na ƙarshe da sauri.

Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, Act 936, ta hana a yi kowane irin gini sai da rubutaccen izinin asambili, ta kuma ba asambili ikon tsayar da aiki da rushe abin da aka gina ba izini. Wannan ya haɗa da katanga, da ƙarin hawa a kan tsohon gida, da rushe tsohon gidan, da mayar da ɗakunan gaba shaguna, har da kwantenar da aka ajiye a bakin titi.

1. Gano asambilinka

Da yawa sun ɗauka duk Kumasi ta KMA ce, wato babbar asambilin birnin Kumasi. Da can haka ne. Tun 2012 Aboabo da Asawase da Sawaba suka koma ƙarƙashin Asokore Mampong. A 2018 aka sake yanka Oforikrom da Old Tafo da Suame da Kwadaso da Asokwa, kowacce da asambilinta. Mai fili a Ayigya, Oforikrom zai je. Na Tafo Zongo, Old Tafo. Idan ka fita bayan gari, inda mutanenmu suka fi sayen sabon fuloti yanzu, Kenyasi tana Kwabre East, Abuakwa tana Atwima Nwabiagya.

A kowace asambili ofis biyu ne naka: Physical Planning, wanda dattawa har yau suke kira Town Planning, da Works, inda injiniyoyi da sufetocin gini suke.

Hattara: filin da ke kan iyakar asambili biyu, ka tabbatar da wadda ke da shi kafin ka biya ko sisi. Rasit ɗin wannan ba ya aiki a waccan.

2. Ɗauki mai safiyo naka na kanka

Mai sayarwa zai ba ka taswirar fili. Karɓi, amma kada ka tsaya a kanta. Nemo mai safiyo mai lasisi, wanda kai ka biya shi, ka tsaya da shi a filin ya ɗauki awon kusurwoyi huɗu da na'urarsa, ya fitar maka da taswira mai lambobin awo da hatiminsa. Sai a gwada ta da wadda aka ba ka.

Abin da ake yawan tararwa iri biyu ne. Ko dai filin da aka nuna maka da yatsa daban, wanda ke jikin takarda daban. Ko kuma an ce maka ƙafa 100 a 80, awo ya nuna maƙwabci ya riga ya ci ƙafa goma da katangarsa. In ciniki ya faɗa, mai safiyon nan shi zai kafa maka turakun siminti na iyaka.

3. Kai taswirar Physical Planning kafin ka biya

Nan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Bisa Dokar Tsara Amfani da Ƙasa ta 2016, Act 925, kowace unguwa da aka tsara tana da taswirarta a asambili, wadda ta nuna inda aka ware don gidajen zama, inda aka ware don kasuwanci, da wurin titi, makaranta, kasuwa, asibiti, maƙabarta da filin wasa. Famit yana bin wannan taswirar ne. Ko takardun filinka sun cika tsaf, in fulotin ya faɗa kan wurin makaranta, kwamitin asambili mai ba da famit ba shi da hurumin ba ka izinin gidan haya.

Na taɓa raka wata 'yar'uwa mai sayar da atamfa. An nuna mata fili a bayan gari, shimfiɗaɗɗe, ga gidaje hagu da dama, ga falwayar wuta a kusa. Jami'in ya shigar da lambobin awon a kwamfuta, ya ɗora su kan taswirar unguwar, sannan ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "Hajiya, kin ga layin nan guda biyu? Titi ne. Ya ratsa ta gaban fulotin, ya ɗauke kusan kashi ɗaya cikin uku." A ƙasa babu komai a wurin sai rogo da ayaba. Da ta kira dillalin, sai ya ce, "Haba Hajiya, titin nan tun ina yaro ake maganarsa, har yau ba a yi ba." Gaskiya ya faɗa, ba a yi ba. Sai dai ranar da gireda za ta zo, wanda ya gina a kan titi ba izini ba shi da bakin neman diyya. Ta bar filin.

In ka je, ka tambayi me aka ware wurin dominsa, hawa nawa aka yarda a yi a yankin, ƙafa nawa za ka ja baya daga titi da daga iyakar maƙwabta, sannan ko akwai wani aikin gwamnati da zai bi ta wurin. Ka nemi amsar a rubuce da hatimin ofis, ko da za ka biya ɗan kuɗi. Maganar baki ba ta shiga fayil.

Hattara da ruwa. Kumasi garin ƙoramu ne: Aboabo, Subin, Sisa, Wiwi da ƙananan rassansu, kuma duk wanda ya zauna Aboabo ko Sawaba ya san abin da ruwan watan Yuni ke yi. Manufar kare bakin ruwa ta 2011 ta ce a bar mita 10 zuwa 60 a gefen babban kogi, mita 10 zuwa 20 a gefen ƙaramar ƙorama mai gudu duk shekara. Da rani ake sayar da irin waɗannan filayen, lokacin da suka bushe ƙayau. In da hali ka je da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba hali, dubi katangar maƙwabta. Za ka ga layin laka ya zagaye ta a tsayin gwiwa, gansakuka ta yi kore a ƙasan bulo, an ɗaga bakin ƙofa da bulo biyu ko uku sai an tsallaka ake shiga. Gidan da ka ga haka ya gama ba ka amsa. Filin da kuɗinsa ya yi ƙasa da na maƙwabtansa sosai, akwai dalili. Araha ba ta ado. Ina ƙara nanata wannan ne saboda ruwan da ka tare da katangarka ba ɓacewa yake yi ba, ɗakin talakan da ke ƙasa da kai yake shiga cikin dare.

Hattara da manyan wayoyin wuta na GRIDCo, kamfanin da ke kula da manyan layukan lantarki na Ghana. Layin 161kV ana barin mita 15 ta kowane gefe, na 330kV mita 20. Haka layin dogo yana da nasa hurumin, ko da jirgi ya daɗe bai bi ba.

Hattara da filin jirgi. Unguwanninmu da yawa suna maƙwabtaka da filin jirgin saman Prempeh I. Mai niyyar dogon bene a wannan yankin zai buƙaci amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama a kan tsayin ginin. Gara ka san iyakar tsayin tun kafin ka yi lissafin ɗakuna.

In wurin na gidajen zama ne kai kuma otal ko makaranta ko sito kake so, akwai hanyar neman a sauya amfanin filin. Ana rubuta buƙata da rahoton masanin tsara gari, a sanar da jama'a, a ji ta bakin maƙwabta, kwamiti ya yanke. Yana cin lokaci, kuma ana iya ƙi. Kada ka sayi fili da fatan za a sauya maka. Kwamitocin masallaci da na makarantar Islamiyya su ma wannan ya shafe su: filin da bawan Allah ya bayar sadaka, a duba matsayinsa kafin a fara tara kuɗin bulo.

4. Tabbatar da mai filin, sannan ka haɗa takardunka

Da taswirar mai safiyonka za ka je Hukumar Filaye, Lands Commission, ka nemi bincike a hukumance. Sakamakon zai nuna sunan wanda aka rubuta a kan filin, ko gwamnati ta taɓa karɓe shi, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai hukuncin kotu a kansa. Ka shigar da binciken da kanka ko ta hannun lauyanka. Wanda mai sayarwa ya kawo maka a ambulan, ka ɗauke shi labari kawai.

Mafi yawan ƙasar Kumasi ta sarautar Asante ce, sarakunan yankuna suna riƙe da ita, Asantehene yana sama. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada. Abin da kake saya hayar dogon zango ce, lis, wadda ga ɗan ƙasa mai gina gidan zama yawanci shekara 99 ce. Wani sashe na tsakiyar gari kuma yana hannun gwamnati, lis ɗinsa daga Lands yake fitowa kai tsaye. Sarkin Zango da masu unguwanninmu shaidarsu tana da daraja, kuma sukan san tarihin gida fiye da kowane fayil, amma dole asalin takardar ya koma ga sarautar da ke da ƙasar ko ga gwamnati.

Idan daga hannun sarki ka saya, za a ba ka takardar rabon fili, alokeshan. Karanta ta da kyau. Tana ɗauke da sunan sarautar, lambar fuloti da ta bulok, sunanka da kwanan wata, kuma galibi akwai sharaɗin ka fara gini cikin ɗan lokaci, in ba haka ba sarki na iya karɓe filinsa. Kotuna sun sha faɗa cewa alokeshan matakin farko ne, ba ita ce shaidar mallaka ba. Mutanenmu da yawa sukan sa ta a ƙasan akwati shekara ashirin, suna ganin an gama. Daga nan sai ka kai ta ofishin filaye na Asantehene a fadarsa ta Manhyia a amince, a buɗe maka lissafin kuɗin ƙasa na shekara-shekara a ofishin kula da filayen sarauta, a shirya lis, sarki da Manhyia su sa hannu, Lands ta amince. Sai kuɗin hatimi, wanda ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na darajar da aka kimanta, sannan rajista.

Hattara, baƙi. Wanda ba ɗan Ghana ba, ko daga Najeriya ko Nijar yake, ba ya samun lis da ya wuce shekara 50 a lokaci guda. Dokar Filaye ta 2020, Act 1036, ta ƙara da cewa kamfanin da baƙi ke da fiye da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa, shi ma baƙo ne. Sa sunan aboki ɗan ƙasa don a kauce wa wannan, kyautar gida ce ka yi wa magadansa.

Hattara da tsofaffin gidajen Zango. Wurarensu na da kyau ga mai son shaguna, amma abu biyu ke kwance a ƙarƙashinsu. Na farko, lis ɗin wasu tun zamanin Turawa aka yi shi, ya ƙare ko saura kaɗan. Tambayi shekarun da suka rage da abin da sabuntawa za ta ci. Na biyu, gado. Gida ɗaya kan kasance na magada ashirin, wasu a Accra, wasu a Abidjan. Rabon da malamai suka yi ya wadatar a addini, amma Lands tana son takardar kotu da ta ba wani ikon kula da dukiyar mamacin, da takardar da ta miƙa gidan ga magada. Sa hannun babban wa shi kaɗai ba ya isa. Haka in mutum ɗaya ne ke sayarwa kuma a cikin aure aka sami dukiyar, dokar 2020 tana neman rubutaccen yardar matarsa, ko mijinta.

Ka biya ta banki. Dokar dillancin gidaje ta 2020, Act 1047, ta ce cinikin fili da gida ya bi ta cek ko turawar banki ko ta waya. Kuɗi a jakar leda ba su barin sawu.

Sai maganar da ke da nauyin faɗa. Kai da ke waje, sunanka ne zai hau kan alokeshan da lis da famit, daidai da yadda yake a Ghana Card ɗinka, harafi da harafi. In a wata takarda kai Mohammed ne, a wata Mahamadu, sai ka yi rantsuwar kotu kafin fayil ya motsa. Ƙaninka zai iya yi maka duk zirga-zirgar da takardar wakilci da lauya ya shirya. Zai yiwu ya ce, "Yaya, a sa sunana kawai don aiki ya yi sauri, in ka dawo sai a juya." Da zuciya ɗaya yake faɗa. Amma rai na hannun Allah, kuma in ɗayanku ya riga ɗaya, 'ya'yanku takarda za su tarar, ba alkawarin da kuka yi a waya ba. Rubuta abu tsakanin 'yan'uwa shi ke tsare zumunci.

5. Zane

Ƙaramin gida na ƙasa, mai zane na unguwa yakan iya. Da zarar bene ne ko ginin da jama'a za su shiga, nemi akitek mai rajista da injiniyan gini mai rajista, kowa ya buga hatiminsa a nasa zanen. Ƙa'idar da suke bi ita ce Ghana Building Code ta 2018 da dokokin gini na 2022, L.I. 2465. Ba shi amsar da ka samo a mataki na 3 kafin ya ja layi ko ɗaya.

Faɗa wa injiniya gaskiyar niyyarka. Kumasi cike take da gidajen da rodi ke tsaye a kan dakin ɗinsu, wato rufin kankare, yana jiran kuɗin hawa na gaba. Gini kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, haka yawancinmu muke yi. Laifin shi ne a yi harsashin hawa ɗaya, bayan shekara biyar haya ta yi daɗi a ɗora uku. In hawa huɗu ne a ranka, a zana huɗu, a yi harsashin huɗu, a nemi famit na huɗu, sannan ka gina yadda aljihu ya ba ka. Benen kantin da ya rufta a Achimota ta Accra a Nuwamban 2012 ya ci rai 14, kuma ma'aikata ne da masu sayayya da ba su san komai game da rodin da ke cikin ginshiƙan ba.

Abubuwan da suka fi sa a dawo da zane: an cinye fulotin duka da gini ba a bar iska da haske ba, alhali magina sun saba barin wajen ƙafa goma ta gefen da ke da tagogi, baranda ta leƙa kan titi, shaguna ba wurin ajiye mota, bene mai ɗakuna da yawa da matakala ɗaya ƙunci, ba a nuna inda ruwan sama da na wanka zai bi ya shiga kwata ba. Ginin da jama'a ke shiga, dokar naƙasassu ta 2006 ta wajabta a yi masa hanyar keken guragu.

Ban-ɗaki kuwa, kada ka jira doka ta tilasta ka. Zanen da ba shi da shi ba ya wucewa, amma wasu sukan nuna shi a takarda, in an zo gini a mayar da shi ɗakin haya. Mun ga yadda iyayenmu mata da yara ke bin layin ban-ɗakin gwamnati da asuba a unguwanninmu. Mai gina sabon gidan haya a yau ba shi da uzurin ƙara mutum ɗaya a wannan layin. In za ka haƙa rijiya ko burtsatse, nisanta shi da sokawe, ramin da ƙazamin ruwan ban-ɗaki ke shiga. Abin da ake so mita 30 ne, wanda a ƙaramin fuloti sai an yi shawara da injiniya.

6. Takardun sauran hukumomi

Gidan zama na iyali ɗaya ba ya buƙatar yawancinsu. Daga hawa uku zuwa sama akan nemi rahoton gwajin ƙasa. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua da jami'ar KNUST suna yi, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Shaguna, otal, makaranta, masaukin ɗalibai da manyan gidajen haya suna buƙatar rahoton 'yan kwana-kwana. Gidan mai, otal, masana'anta da sito suna buƙatar izinin hukumar muhalli, EPA, gidan mai kuma har da na hukumar man fetur, NPA. Babban wurin kasuwanci a bakin babban titi, za a nemi nazarin yadda zai shafi zirga-zirgar motoci.

Ka nemi waɗannan a lokaci ɗaya, kada ka jira ɗaya ta fito kafin ka fara ɗaya.

7. Miƙa fayil da biyan kuɗi

Sayi fom a asambili, ka haɗa shi da shaidar mallakar fili, taswirar fili, taswirar yadda ginin ya zauna a cikin fulotin, zanen akitek da na injiniya, rahotannin mataki na 6 da kwafin Ghana Card. Yawan kwafin zane ya bambanta daga asambili zuwa asambili, wasu kuma suna son kwafin kwamfuta. Riƙe kwafin komai a gida, ka karɓi shaidar miƙawa mai kwanan wata da lambar fayil.

Daga nan jami'ai za su zo duba filin. A share ciyawa, turakun iyaka su fito fili, wakilinka ya kasance a wurin da wayarsa a kunne. Ziyarar da aka zo ba a sami kowa ba tana iya jawo maka wata guda. Bayan haka ƙaramin kwamitin ƙwararru zai tantance, ya miƙa wa kwamitin tsara gari, wanda shugaban asambili ke jagoranta. Shi ne zai amince, ko ya jingine har a yi gyara, ko ya ƙi. Ana sa ran ya zauna duk wata, kuma wa'adin da hukuma ta ɗibar wa kanta kwanakin aiki 30 ne ga fayil ɗin da ya cika. Tambayi ranar zama na gaba ka shigar da naka kafin ta. In an jingine, nemi dalilan a rubuce ka kai wa mai zanenka.

Kuɗin asambili kashi biyu ne: na duba fayil, da ake biya wajen miƙawa, da na famit ɗin kansa, bayan an amince. Na biyun ana lissafa shi ne bisa faɗin dukan hawa-hawan ginin, da abin da za a yi da shi, da darajar unguwar. Shago ya fi gidan zama tsada. Kowace asambili tana fitar da jadawalin kuɗaɗenta duk shekara, ana buga shi a gazet, jaridar sanarwar gwamnati, kuma haƙƙinka ne ka gani. Adadin da wani ya biya bara a wata asambili ba ma'auninka ba ne. A kasafinka ka sa mai safiyo, bincike, lauya, hatimi da rajista, zane, gwajin ƙasa da rahotanni. A bene, zane da gwajin ƙasa sukan ɗauki kaso mai kauri, kuma nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba.

Hattara da 'yan tsakani, goro boys, masu cewa za su fito maka da famit cikin mako ɗaya. Famit na jabu yana yawo, da hatimi da sa hannu. Biya a wurin karɓar kuɗi na asambili ko bankin da ta ambata, ka karɓi rasit ɗin gwamnati, GCR. In wani ne ya karɓo maka famit, je da lambarsa a duba maka a rajistar ofis.

Hattara da tsohon zance. A dokokin gini na 1996 akwai cewa in wata uku suka wuce ba amsa, mai nema na iya ɗauka an amince. An maye gurbin dokokin nan. Shirun ofis kada ya sa ka haƙa harsashi. Rubuta wasiƙar tuni ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

8. Lokacin gini

Sanar da Works kafin a fara, sufeto ya zo ya ga an ja igiyar harsashi daidai da zane. Ana kuma kiransa kafin a zuba kankare a harsashi da kowane dakin. Ka sa injiniyanka ya ga rodin da idonsa kafin a rufe shi, kai na waje kuma a turo maka hoto da bidiyo a ranar. Kwafin famit da zane mai hatimi su zauna a wurin aiki a cikin leda. Yashi da tsakuwa kada su tare titi ko kwata.

Birkila zai ce, "Alhaji, ga wuri nan ya rage, mu ƙara shago ɗaya." Duk abin da ya fita daga zanen da aka amince, gini ne ba izini. In kana son canji, mayar da zanen a gyara.

Famit yana aiki shekara 5. In ba ka gama ba, sabunta shi kafin ya mutu. In samari suka zo neman kuɗin haƙa ko suka hana aiki da ƙarfi, kai ƙara wurin sarkin da ya ba da filin da 'yan sanda. Dokar Filaye ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a kan wannan.

9. Kafin 'yan haya su shiga

Nemi asambili ta zo duban ƙarshe ta ba ka takardar shaidar cewa ginin ya dace a zauna. Mutane ƙalilan ne ke nemanta, amma banki da kamfanin inshora da babban ɗan haya sukan tambaye ta. Wurin kasuwanci yana buƙatar satifiket ɗin 'yan kwana-kwana da ake sabuntawa duk shekara. Sa harajin gida na asambili da kuɗin ƙasa a lissafinka, da harajin kuɗin haya: kashi 8 cikin 100 a gidan zama, kashi 15 a wurin kasuwanci.

In ka riga ka gina ba famit

Tsayar da aiki, kada ka goge jan fentin ka ci gaba da dare. Je Physical Planning da takardun fili ka nemi a daidaita maka. Za a so zanen ginin yadda yake a tsaye, da rahoton injiniya a kan ƙarfinsa in bene ne, sannan ka biya kuɗin famit da tara. Wannan ƙofar a buɗe take ga ginin da ya dace da tsarin unguwa. Wanda ke kan titi, ko bakin ƙorama, ko ƙarƙashin wayar GRIDCo, ba a daidaita shi, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai gyara, ya ci ne kawai. Mai shirin sayen ginannen gida shi ma ya nemi ganin famit da zane mai hatimi, ya ƙirga hawa da ɗakunan da ke takarda ya gwada da waɗanda ke tsaye, ya kuma kai lambar famit ɗin asambili a tabbatar masa kafin ya biya kafin alƙalami.